Ɗinki Biyu a Filafilin Miran

Kiyamari, Karachi
3 ga Satumba, 1999

Zuwa ga yayana, Lala Shahdad,

Ka yi mini afuwa da na ɗora maka karatun wannan takarda, alhali shekara goma sha takwas ba ka ga rubutuna ba, ni ma ban ga naka ba. Da ina da wanda zan tambaya ban da kai, da ban dame ka ba. Kuma ba magana ce ta wayar kantin unguwa ba, inda mai kanti ke jin rabi, masu sayen sukari su ji sauran.

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina gaishe ka, ina gaida matarka Mahatun da yara, da fatan zafin Maskat ya sassauta. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta dama tana damuna in zan tashi daga sujada. Goggo Sharatun idonta ya dushe, amma bakinta yana nan yadda ka bar shi.

Labari ya iso mu cewa kai aka gayyato ka auna jiragen ruwa a gasar zaɓe ta watan Nuwamba, wadda wanda ya zo na ɗaya a cikinta shi kaɗai za a tura neman gurbin Olamfik. Ɗana Miran, da ka bari yana ɗan shekara huɗu, yana cikin masu tseren, a ƙaramin jirgin nan na mutum ɗaya. Tun rasuwar mahaifinsa ba shi da wata magana sai wannan. Da safe yana dakon ƙanƙara a kasuwar kifi, da la'asar yana kan ruwa.

Filafilin jirginsa, yadin nan da ke kama iska, tsoho ne, wani hafsan sojan ruwa ya ba shi bayan ɗansa ya gama da shi. Shekara uku yana shan iska da gishiri, har cikinsa ya saki ya yi tumbi, iska ta shiga ta zauna maimakon ta wuce. Watan jiya Miran ya kawo mini shi saboda wata 'yar yagewa a gefe. Na shimfiɗa shi a tsakar gida, na yi masa faci. Daga nan sai hannuna ya yi abin da Baba ya koya masa. Kai shaida ne, mahaifina Ustad Lal Bakhsh, gwanin ɗinkin filafili, bai taɓa mayar wa mutum filafili da tumbi ba, ko da faci kawai aka kawo. Na warware haɗi biyu na tsakiya, na shigar da kowanne faɗin ƙwayar shinkafa, na mayar da ɗinkin da hannu, ina bin ramukan da keken ɗinki ya bari ɗaya bayan ɗaya. Kwana shida na yi a kansa. Ban gaya masa ba, don ban ɗauke shi abin faɗi ba. Wanda ya wanke maka riga ba ya zuwa ya ce ya kuma ɗaura maɓalli.

Ranar da ya fara fita da shi, ya dawo yana dariya tun daga zaure. Ya kira ni yadda ya saba, ya ce, "Amma, uwata, wace addu'a kika tofa wa tsohon nan? Yau 'ya'yan hafsoshi ƙeyata suka wuni suna kallo!"

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai shekaranjiya, muna cin abinci, yake ba ni labarin wani yaro da aka kora daga gasa a bara don mahaifinsa ya rage wa filafili gefe. Na ce to ina laifin? Ya ce, "Doka ce, Amma. Faci kawai aka yarda. Yankan masana'anta ko zare ɗaya ba a taɓawa." Lomar da ke hannuna ban iya kai ta baki ba.

Lala, kai ka san dokarsu. Abin da na yi gyara ne ko cuta? Ni a ganina ban ƙara wa filafilin komai ba, na dai mayar da shi yadda ya fito daga hannun masu shi. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ka faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

'Yar'uwarka,
Durnaz

Matrah, Maskat
16 ga Satumba, 1999

Durnaz,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Mahatun ta amsa gaisuwa. Allah ya ba gwiwa lafiya.

Na karanta takardarki sau uku ina neman tambayar da kika ce kin yi. Abin da na samu tarko ne da aka lulluɓe da gaisuwa. Shekara goma sha takwas ba ki tuna kakanninmu wa da ƙane ba ne, sai da kika ji an miƙa mini ma'auni. Lafiya lau, haka duniya take.

Kin san abin da kika yi mini? Kin sa na sani. Da kin yi shiru, in na gani na gani, in ban gani ba babu komai tsakanina da Allah. Yanzu in na buga hatimi na zama abokin cuta, in na ƙi a ce Shahdad ya zo daga ƙasar Larabawa ya karya marayan dangi. Ko ta ina ke kin wanke hannunki, tunda kin "tambaya". Wannan irin tsoron Allah ban taɓa ganinsa ba sai a gidanku.

Ga amsar, tunda amsa kike so. A wannan aji na tsere jirgi iri ɗaya ne, jigon ɗaura filafili iri ɗaya, filafili iri ɗaya, duk daga masana'antar da aka yarda da ita. An yi haka don mutum ya ci da ƙwanjinsa da idonsa, ba da aljihun ubansa ba. Da an bar kowa ya yanka yadda ya so, masu kuɗi za su ɗauko gwanaye daga Turai, ɗanki ko ƙurar ruwansu ba zai gani ba. Dokar da kika taka don irin Miran aka kafa ta. Wanda ya buɗe haɗi ya canja yanka, ko faɗin shinkafa ko faɗin tabarma. Cuta ce. Sunanta ke nan.

Kuma kada ki ƙara kawo mini sunan Ustad kamar wata aya. Ban manta ranar da ya ɗaga ɗinkina a gaban masunta ya ce, "Wannan hannun na jan igiya ne, ba na allura ba." Ke kina bayan labule kina dariya, na ji ki. Ya ba ki sandar awonsa da fatar da yake sa wa tafin hannunsa don tura allura, ni na tafi jan igiya a jiragen mutane har Allah ya kai ni inda nake. Yau ga hannun jan igiya shi ke riƙe da hatimi.

Ki saya masa sabo. In wancan ya zo gabana, zan jefar da shi gefe a gaban kowa.

Shahdad

Kiyamari
28 ga Satumba, 1999

Lala Shahdad,

Assalamu alaikum. Na gode da ka amsa. Ina fatan kuna lafiya. Gwiwa da sauƙi.

Na yi dariyar, gaskiya ne. Shekarata goma sha shida a lokacin. Ban san kana ɗauke da ita har yau ba. Ka yafe mini. Amma Baba yana kabari, ba zai iya kare kansa ba, don haka ka bar shi ya huta.

Ban roƙe ka ka rufe ido ba. Ka sake dubawa, ba za ka sami wannan a takardata ba. Mu da aka karantar da mu abin da ke jiran masu tauye mudu, ba zan aika wa mai awo in ce ya tauye ba. Ka ce cuta ce, na karɓa. Amma tunda ka yi mini wa'azin iri ɗaya, bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Ni ke manna wa filafilan kulob ɗin masu tseren jirgi lambobi, ni ke yi musu faci. Ranar Litinin aka kira ni. Na tarar da Taimur, ɗan wani babban hafsa, wanda shi ne babban abokin karawar Miran, ya shimfiɗa sababbin filafilai huɗu a kan ciyawa. Duk na sabon yadin nan mai tauri ne da aka halatta bana, kowanne da tambarin masana'anta. Mai horar da shi ya kira ni Khala, wato goggo, ya ce, "Ara mana sandar nan taki da idonki, ki faɗa mana wanne ya fi zurfin ciki."

Na ce, "Ba duk ɗaya ba ne?"

Taimur ya yi dariya ya ce, "A takarda ɗaya ne, Khala. A ruwa kowa da halinsa, kamar 'ya'yan mutum ɗaya."

Na auna. Tsakanin mafi zurfi da mafi shafewa yatsa biyu ne cur. Yatsa biyu, Lala, ba ƙwayar shinkafa ba. Mai horarwar ya sa alli ya rubuta a jakunkuna: wannan na ranar iska mai ƙarfi, wannan na ranar da ta kwanta. Sauran biyun ya ce a ajiye don atisaye. Haka suka yi da jigo, sun lanƙwasa guda biyar sun zaɓi mafi tauri. Da zan tafi Taimur ya ce, "Ki gaida Miran, ki ce masa tsohon buhunsa ya fara ba ni tsoro." Yaron ba shi da mugun nufi, wasa yake. Ni ce na kasa haɗa ido da shi.

To ka ga, mai kuɗi bai taɓa zare ba, ya dai sayi huɗu ya zaɓa. Wannan halal ne, za ka buga masa hatimi kana murmushi. Ni da na yi da allura ƙasa da abin da ya yi da aljihu, ni ce macuciya. Ban ce a karya doka ba. Na ce kada ka gaya mini don Miran aka yi ta.

Ka ce in saya masa sabo, kamar wanda ya ce in sayo albasa. Kuɗin guda ɗaya ya kai abin da allurata ke kawowa a wata takwas, kuma sai an yi odarsa daga waje. Ko na sayar da keken ɗinkina ba zai iso kafin Nuwamba ba.

Tambaya ɗaya ta rage. In na sake warware haɗin na mayar masa da tumbinsa yadda yake, zai halatta? In zai halatta, gobe zan fara. Har yanzu Miran bai san komai ba.

Durnaz

Kiyamari
24 ga Oktoba, 1999

Lala Shahdad,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Kusan wata guda ina sauraron mai kawo wasiƙu. Na ɗauka shirun shi ne amsarka, wato ban kai a amsa mini ba.

Da na ga kwanaki suna ƙurewa, na gaya wa Miran. Ranar Juma'a ce, ya dawo daga masallaci. Na zaunar da shi na faɗa masa komai, har da takardun da na rubuta maka da abin da ka amsa.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Wa ya sani?"

Na ce, "Ni, da kawunka Shahdad, da Allah."

Ya ce, "Biyu daga ciki ba su da bakin kai ƙara, da kin bar na ukun a Maskat! Amma, ke wace irin mace ce? Ki yi abu ba ki tambaye ni ba, ki tona shi ba ki tambaye ni ba. A cikin duk mutanen duniya kuma mai awon kika zaɓa!"

Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Na bar shi ya gama. Na naɗe filafilin na sa a akwatin Baba, na kulle, makullin yana wuyana. Na je kulob na roƙi mai kula da kaya, ya ba mu aron wani tsohon filafilin koyo. Halal ne, ba wanda ya taɓa haɗinsa. Miran ya ɗaga shi ya ce, "Wannan ko shanya barkono ba zai yi ba." Amma ya karɓa. Da shi yake fita yanzu, kuma kullum na huɗu yake zuwa ko na biyar. Ya daina ba ni labarin ruwa.

Na rubuta ne don ka san wancan ba zai zo gabanka ba. Ka zo hankalinka kwance.

Durnaz

Matrah
2 ga Nuwamba, 1999

Durnaz,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Ina wajen wata gasa mako uku, takardunki biyu tare na same su. Ba kowane shiru ne raini ba, wasu mutane aiki suke yi.

Warwarewa ba za ta yi amfani ba. Haɗin da aka buɗe an buɗe shi. Kin yi daidai da kika kulle, ya zauna a kulle.

Zan iso ran goma sha biyu ga wata. Ba zan zo gida ba, ke ma kada ki zo inda nake, kada ki aiko da abinci. Ban gaya wa kwamiti ina da dangi a cikin masu tsere ba, don ban ɗauki zumuncin da ya shekara goma sha takwas a kwance abin faɗi ba. Ki gaya wa yaron in ya gan ni bai san ni ba.

Shahdad

Matrah
21 ga Nuwamba, 1999

Durnaz,

Ba ni da gaisuwar da zan yi miki.

Kin ce makulli yana wuyanki. Kin ce in zo hankalina kwance. Ashe ke da ɗanki kun shirya yadda za ku yi mini dariya ta biyu, wannan karon ba a bayan labule ba.

Ranar awo ina tsaye a rumfa, shugaban kwamiti yana gefena, masu tsere sun yi layi. Miran ya zo ya warware filafili a kan tebur. Ina ganin facin gefen na gane hannun gidanku. Na ɗaga kai, ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba da kyau. Tsoho ne, amma bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba."

Na duba. Na sa ma'auni ta kowace kusurwa, bai fita daga iyaka ba. Na ɗaga shi ga rana. Na ɗauko gilashin ƙara girma na bi haɗin nan biyu daga farko har ƙarshe, na juya na sake bi. Na san yana nan, ke da kanki kika rubuta mini, amma ban ga rami ɗaya da ya kauce ba. Kusan awa guda. Layi ya fara gunaguni. Wani daga baya ya ce, "Malam, in aure za ka nema wa filafilin ka faɗa mana mu kawo waliyyi!" Aka kwashe da dariya. Shugaban ya matso ya ce, "Akwai matsala ne?"

Me zan ce? In ce akwai, ya ce nuna, ba ni da abin nunawa sai takardarki. In fito da takardarki, ya ce tun Satumba ka sani ka yi shiru, kuma yaron ɗan 'yar'uwarka ne ba ka faɗa ba. Ɗanki ya lissafa wannan tsaf kafin ya shigo layi. Na ce babu matsala. Na buga hatimi.

Shekara goma sha huɗu ina wannan aiki, ban taɓa buga shi a kan abin da na san ƙarya ne ba. Na tsaya a gaɓa kwana huɗu ina kallonsa yana cin tsere biyar cikin bakwai. Zan faɗi abu ɗaya don ba na tauye wa mutum haƙƙinsa: yaron ya iya ruwa. Yana ganin iska kafin ta iso. Wannan ya ƙara mini baƙin ciki.

Kin samu abin da kike so. Sunansa za a aika. Ki ƙona takarduna, ni na ƙona naki. Abu ɗaya kawai nake so in sani, don ya hana ni sukuni: a ina kika ɓoye shi? Ta yaya?

Shahdad

Kiyamari
2 ga Disamba, 1999

Lala Shahdad,

Assalamu alaikum. Ni ina da gaisuwar da zan yi maka, kuma na yi. Ina gaida Mahatun da yara. Ka yi haƙuri da wannan takarda, ta fi sauran nauyi.

Makullin yana wuyana har yanzu da nake rubutu. Ranar awo ina unguwar Liyari wajen zaman makokin wata ƙawata. Miran ya kwance ƙusoshin bayan akwatin, ya ɗauki abin da ya ɗauka, ya mayar da su. Da na dawo na ga kwaɗo a rufe, ban buɗe ba. Kwanakin tseren ban je gaɓa ba, saboda ka ce kada in zo inda kake. Ban san komai ba sai ranar ƙarshe, da na ji ganga a bakin layi, na leƙa na ga masu dakon ƙanƙara sun ɗauko shi a kafaɗa, wasu sun ɗaga filafilin a kansa kamar laima. Mata suna ta shigowa suna rungume ni. Goggo Sharatun tana kuka tana cewa jinin Ustad bai faɗi ƙasa ba. Ni ina tsaye ina kallon facina. Ka yarda ko kada ka yarda, Allah ya sani.

Ka tambayi inda na ɓoye shi. Ban ɓoye ba. Ka neme shi da ido, shi kuwa ba na ido ba ne. Da ka rufe ido ka bi bayan haɗin da ɗan yatsa, da ka ji ƙulli ƙarami duk bayan ɗinki arba'in. Keke ba ya yin wannan ƙullin.

Kwana tara na yi ina juya abin. Na ce wa kaina Taimur da filafilansa huɗu bai fi mu gaskiya ba. Na ce yaron nan shekara takwas yana ɗaukar ƙanƙara a ka don wannan rana. Duk gaskiya ne. Amma in na tsaya salla sai in rasa raka'a ta nawa nake.

Na sami Miran yana wanke igiyoyinsa na ce masa zan je kwamiti. Bai yi ihu ba wannan karon. Ya ce, "Amma, a ruwa na ci su. Biyar cikin bakwai. Na uku ma da tazarar jirgi goma. Ƙwayar shinkafa ce ta yi wannan?"

Na ce, "Ban sani ba, ɗana. Kai ma ba ka sani ba. Da wancan na aro na huɗu kake zuwa."

Ya ce, "Su nasu sabo ne! Ki ba ni sabo ki gani!"

Na ce, "Ba ni da shi."

Ya ce, "To ki bar mini wannan. Ban taɓa roƙonki komai ba. Ki yi shiru kawai. Shiru ba ƙarya ba ne."

Ya durƙusa ya riƙe ƙafata, Lala. Ƙato kamar wannan. Na ɗora hannu a kansa, na ce masa ni na ɓata, ba shi ba, kuma zan faɗi haka. Ya saki ƙafar ya tashi.

Ranar Asabar na naɗe filafilin na hau bas. Mutum uku na tarar a ofis. Shugaban ya ɗauka faci na kawo, ya ce, "Khala, ajiye a wajen mai gadi." Na ce magana na kawo. Na shimfiɗa shi a kan teburinsu, na kama yatsan shugaban da gefen mayafina na bi da shi bayan haɗin har ya ji ƙullin. Na faɗa musu yaron bai san na yi ba sai daga baya. Na kuma faɗa musu ya sani kafin ranar awo, don sun tambaya. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baiwar Allah, wa ya aike ki? Ba wanda zai taɓa ganewa." Na gaya musu maganar filafilai huɗu da yatsa biyu. Shugaban ya rubuta a takarda ya ce za a duba. Na ga inda ya ajiye takardar.

An cire sunan Miran ranar Talata. Taimur za a tura. Washegari Miran ya shiga jirgin masu kamun kifi da ke tafiya garin Pasni, wata biyu za su yi. Bai yi mini sallama ba. Maƙwabciya ce ta gan shi da jaka ta zo ta faɗa mini. Mutanen layinmu sun daina gaishe ni, Goggo Sharatun ta ce da ta san haka zan zama da ba ta yi mini wankan jego ba. Kai da ka ce na samu abin da nake so, ga abin da na samu.

Yanzu ga dalilin takardar. Kafin in fito, shugaban ya ce, "Mai awon nan ya yi awa guda a kan wannan filafili, bai yi minti biyar a kan na kowa ba. Ya san wani abu ne? Akwai wani abu tsakaninku?"

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce a ba ni lokaci, akwai wanda ya kamata ya ji kafin in amsa. Sun ba ni zuwa ashirin da uku ga wannan wata.

Ban ƙona takardunka ba, kuma ba zan kai musu su ba. Amma ranar da na koma, abin da suka tambaye ni zan faɗa yadda yake. Ban yi ƙarya don ɗan da na haifa ba, ba zan yi dominka ba. Na san ni na jawo ka cikin wannan da takardata ta farko, wannan nauyin yana kaina har gaban Allah. Shi ya sa nake so su ji daga bakinka kafin nawa. Wanda ya kai kansa ba ɗaya yake da wanda aka kai ba. In ka rubuta musu, ka faɗa musu ka ce mini cuta ce tun ranar farko, ka ce in kulle, ni kuma zan shaida haka.

Takarda tana kwana tara ko goma a hanya. In ka amsa ranar da ta same ka, za ta iske ni kafin in koma. Don Allah ka amsa mini da wuri.

'Yar'uwarka,
Durnaz